Ranar da Ɗalibai Suka Koma “Xalibai”

Daga mai buga rubutun Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare



Duk wanda ya saba tsayawa a gaban wannan allo ya san fitowarmu ta zangon da ya wuce ta yi lattin mako guda. Wasu sun ce lalaci ne, wasu kuma sun ce mun cinye kuɗin karo-karo a wurin mai ƙosai. Ba ko ɗaya. Tunda ni ce na buga rubutun a kwamfuta, Malama ta ce ni ce zan yi bayani, domin 'yan aji ɗaya da za su gaje mu kada su faɗa ramin da muka faɗa.

Ranar wata Alhamis muka gama shirya shafi shida a ɗakin kwamfuta. A fuskar kwamfutar komai ya yi kyau. Muka zuba aikin a filas, ni da edita da Malama muka tafi wani shagon buga takardu a cikin garin Yelwa. Babu wuta, janareto ke aiki, ga mutane a layi, don haka muka ce wa mai shagon ya buga duka kawai. Sai da muka biya muka fito waje sannan edita ya duba shafin farko. Babban kanun labarinmu, wanda ya kamata ya zama “Ɗaliban Makarantarmu Sun Karɓi Baƙi”, ya koma “Xaliban Makarantarmu Sun Karvi Baqi”. Hoton kwale-kwalen Rigata ya bar wurinsa ya je ya zauna a kan shafin kacici-kacici. Shafi shida sun zama bakwai, na bakwai ɗin ma layi biyu ne kacal a kansa. Edita ya ce kwamfutar shagon tana da aljanu. Malama ba ta ce komai ba har muka iso makaranta, wannan shirun kuwa ya fi faɗa ciwo.

Ranar Asabar na roƙi yayana ya raka ni shagon. Mai shagon bai yi fushi ba. Ya ce, “Ƙanwata, abin da kika ba na'ura shi ta mayar miki. Jawo kujera ki gani.” Abin da ya nuna mini, da wanda malamin kwamfuta ya ƙara mana daga baya, shi ne zan faɗa a nan.

Haruffa masu ƙugiya

Mu da muka tashi a bakin ruwa mun san ƙugiya, mun kuma san cewa in ta miƙe ba ta kama ko ƙaramin kifi. To haka ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ take. In aka cire ta, baƙi sun zama baki, ƙafa ta zama kafa, ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki. Saboda haka ba ado ba ce, ma'ana ce.

Matsalar ita ce allon madannan kwamfuta ba don Hausa aka ƙera shi ba. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara yawa a Najeriya, babu hanya mai sauƙi ta rubuta waɗannan haruffa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka taimaka, domin ya ƙirƙiro samfurin haruffan Hausa masu ƙugiya da marubuta da 'yan jarida suka daɗe suna amfani da su. Samfurin haruffa shi ne abin da masu shago suke kira fon, wato salon zanen haruffa, kamar yadda kowane malami yake da hannunsa a allo.

Dabarar tsofaffin fon na Hausa mai sauƙi ce. Tunda Hausa ba ta amfani da q da v da x, sai aka zana ƙ a gurbin q, aka zana ɓ a gurbin v, aka zana ɗ a gurbin x. Wasu kuma a gurbin alamomi irin su } da ] da ~ suka ajiye su. Kai kana ganin ɗ a fuskar kwamfuta, amma abin da ta ajiye a cikinta x ne sanye da rigar ɗ. Kwamfutar makarantarmu tana da wannan fon, ta shagon ba ta da shi. Da ta nema ba ta samu ba, sai ta ɗauko wani ta maye gurbinsa, rigar ta faɗi, x ya bayyana. Ba aljani ko ɗaya.

Yanzu akwai tsarin da ake kira Unicode, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa ta kansa. A wannan tsari ƙ ba q ba ne a ɓoye, ƙ ne na gaskiya, ko a wace kwamfuta ko waya. Ku kwafi waɗannan lambobi a bayan littafinku:

ɓ 0253, Ɓ 0181
ɗ 0257, Ɗ 018A
ƙ 0199, Ƙ 0198

A manhajar Word, ka rubuta lambar, sai ka danna Alt da X tare, nan take lambar za ta rikiɗe ta zama harafin. Amma ga wani tarko da ya ɓata mini rabin awa. Lokacin da na zo rubuta “baƙi”, na buga ba, na buga 0199, na danna Alt da X, abin ya ƙi. Ashe a irin wannan lissafi haruffan a, b, c, d, e, f su ma lambobi ne, don haka manhajar ta haɗa “ba” da lambar ta karanta su tare. Maganinsa shi ne ka sa U+ a gaba, wato U+0199. Wanda ya ga wannan ya yi masa tsawo, ya shiga Insert, ya zaɓi Symbol, ya nemo harafin, ya ba shi gajeren maɓalli nasa. Mu yanzu mun yi wa dukkan shidan haka. A waya ma ana iya ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard. Akwai harafi na huɗu, ƴ, wanda 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar suke rubutawa, mu kuma a Najeriya 'y muke sawa.

Ko da ka rubuta harafin gaskiya, sai fon ɗin da ka zaɓa yana da zanensa. Yawancin fon na ƙawa, masu lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin biki, ba su da shi. A nan ne za ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko kuma ƙ ya fito siriri daban da 'yan uwansa kamar baƙo a gidan suna. Times New Roman da Arial na kwamfutocin yanzu suna da haruffanmu. Haka ma Charis SIL da Andika da Noto Sans, waɗanda kyauta ake sauke su. Gwajin da nake yi kafin in fara aiki shi ne in rubuta “Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya”, in duba ko duk haruffan sun yi kama da juna.

Wanda yake da tsohon rubutu mai q da v da x ba sai ya sake bugawa daga farko ba. Ya danna Ctrl da H, ya ce a musanya q da ƙ, haka sauran, ya kuma kunna Match case don kada manya da ƙanana su cakuɗe. Sai dai a yi hattara in akwai Turanci ko lissafi a ciki. Ni da na yi gaggawa, x ɗin da ke cikin tambayar aljabara ta shafin wasa ƙwaƙwalwa ya koma ɗ, aka ce a nemo darajar ɗ.

Yadda shida ta zama bakwai

Wannan laifina ne ni kaɗai. Takardar da ake sayarwa a Yawuri da ko'ina a Najeriya A4 ce, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Amma kwamfutoci da yawa suna zuwa a saite da takardar Amurka mai suna Letter, wadda faɗinta kusan milimita 216 ne, tsawonta 279. Wato ta fi tamu faɗi kaɗan, tamu kuma ta fi ta tsawo. Ni a kan Letter na shirya komai ban sani ba. Da mai shago ya mayar da shi A4, kowane layi ya matse, kalmomi suka zubo ƙasa. Ga kuma fon da aka musanya, wanda faɗin haruffansa ba ɗaya ba ne da na farko. Saboda haka tun kafin ka rubuta kalma ɗaya, shiga Layout, ka danna Size, ka zaɓi A4.

Amma abin da ya fi ba ni kunya shi ne lokacin da mai shagon ya danna wata alama mai kama da wannan ¶ a saman Word. Tana nuna duk abin da ke ɓoye a shafi. Sai ga ɗige-ɗige sun cika gaban kowane kanu kamar an watsa gero, domin da dogon maɓallin tazara na riƙa tura kanun har ya kai tsakiya. Ga kuma alamun Enter jere, wajen goma sha biyar, waɗanda na danna don in tura labari zuwa sabon shafi. Irin wannan aiki kamar jera tulu ne a kan tulu, da ɗaya ya motsa duk sun zube. Abin da ya kamata: in kana son rubutu a tsakiya, danna Ctrl da E. In kana son sabon shafi, danna Ctrl da Enter sau ɗaya. In kana son shafi ya rabu gida biyu irin na jarida, akwai Columns a ƙarƙashin Layout, ba sai ka yi ta ja da hannu ba. Alamar ¶ kuma Ctrl da Shift da 8 suna kunna ta, suna kashe ta, kuma ba ta fitowa a takarda, kada kowa ya tsorata.

A bar fili a gefen shafi. Yawancin firinta ba sa iya bugawa har bakin takarda, sukan bar 'yan milimitoci. Mu da muke manna namu da gam da ƙusa muna barin santimita biyu a kowane gefe.

Hoto

Hoton kwale-kwalenmu ya yi tafiya ne saboda a Word kowane hoto a ɗaure yake da wani sakin layi, kamar jirgi da turkensa. In sakin layin ya matsa, hoton ya bi shi. Ka danna hoton, ka duba Wrap Text. In ka zaɓi In Line with Text, hoton zai zauna a layi kamar wani babban harafi, ba ya hawa kan rubutu. In ka zaɓi Square, rubutu zai kewaye shi. In za ka ƙara masa girma, ja shi ta kusurwa. Wanda ya ja ta gefe zai mayar da siririn mutum ƙato, kuma ba kowane malami ne zai ɗauki wannan da wasa ba.

Hoton da ya yi kyau a waya yana iya fitowa dishi-dishi a takarda. Hoto tarin ƙananan ɗigo ne, kuma masu ɗab'i suna son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da zai ci inci huɗu a shafi, wato kusan santimita goma, yana bukatar ɗigo 1,200 a faɗinsa. WhatsApp kuwa yana rage nauyin hoto in an tura shi yadda aka saba. Don haka wanda zai turo mana hoto daga Wara ko Shanga ko wani tsibiri, ya tura shi a matsayin Document, zai iso yadda aka ɗauke shi.

Launi ma yana yaudara. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Firinta kuma da tawada huɗu take haɗawa: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Haske yana ƙyalli, tawada ba ta yi, shi ya sa ruwan tafkin Kainji da ke sheƙi a waya yake fitowa a dushe. Mu da kuɗinmu bai wuce na baƙi da fari ba, abin lura shi ne ja da kore duk toka-toka suke komawa, kusan iri ɗaya. Wani ɗan kulob ya taɓa rubuta jan rubutu a kan koren fili, da aka buga sai da muka kai takardar rana muna neman rubutun.

Abin da zai hana duk wannan

Da na san abu ɗaya tak a waccan Alhamis, da kuɗinmu bai tafi ba. Shi ne PDF. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, kuma amfaninsa shi ne ya daskarar da shafi yadda yake, ya tafi da zanen haruffansa a cikinsa. Ko kwamfutar shago ba ta da fon ɗinka, za ta nuna shi daidai. A Word, ka shiga File, ka danna Save As, ka zaɓi PDF. Daga nan ka buɗe shi ka duba shafi bayan shafi, domin in da kuskure a ciki shi ma ya daskare. Ka riƙe fayil ɗin Word don gyara, ka kai PDF shago. In an zo bugawa, ka roƙi a zaɓi Actual size don kada a rage girman shafin.

Masu shago da yawa da CorelDRAW suke aikin kalanda da katin biki da fosta. Ga masu koyonsa a cikinmu, abu biyu mai shagon ya ce in faɗa muku. Fayil ɗin da aka ajiye da sabon fitowar manhajar ba ya buɗuwa a tsohuwa, sai ka tambayi wadda shagon yake da ita ka ajiye daidai da ita. Sannan kafin ka kai, ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q, haruffan za su koma zane, ba ruwansu da fon. Amma ka ajiye kwafi ɗaya tukuna, domin rubutun da ya koma zane ba ya gyaruwa.

Sauran ƙananan abubuwa zan bi su da sauri. Ruwan da ke juya injinan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta gabanmu yake wucewa, amma wannan ba ya hana aikinka tafiya in wuta ta ɗauke kana tsakiyar rubutu. Danna Ctrl da S duk bayan sakin layi. In ka ɓata wani abu, Ctrl da Z yana mayar da kai baya. In ka dawo daga shago ka ga fayilolin filas ɗinka sun koma masu 'yar kibiya a kusurwa, cutar kwamfuta ce ta kama shi. Kada ka danna su, kada ka goge komai, kai wa malamin kwamfuta, sau da yawa aikin yana nan an ɓoye shi ne. Da damina takarda tana shan laima ta riƙa maƙalewa a firinta, don haka a bar ta a ledarta. Da hunturu ƙura ce matsala, a rufe na'urar da ƙyalle.

Ga mujallar bango kuma, irin firintar ma abin dubawa ne. Mai amfani da tawadar ruwa, ɗigon ruwan sama ɗaya ya isa ya narkar da rubutun. Mai amfani da hoda, wadda zafi ke manna ta a takarda, irin ta injin fotokwafi, rubutunta ba ya zuba. Tunda allonmu a baranda yake, ta biyun muke nema. Girman rubutu kuma mun daina sa 12. Wannan na wanda ya riƙe takarda a hannu ne. Mai karatu a tsaye, a bayan kawunan mutum uku, yana bukatar 14 ko 16.

Wata 'yar aji uku ta tambaye ni yadda ake yin ɗan littafi, irin na tsarin bikin ba da kyaututtuka. In ka naɗe A4 gida biyu ka samu A5, kuma kowace takarda ɗaya tana ba da shafi huɗu. Shi ya sa adadin shafukan dole ya zama 4 ko 8 ko 12, haka dai. A littafi mai shafi takwas, shafi na 8 da na 1 suna zama gefe da gefe, a bayansu na 2 da na 7. Takarda ta biyu tana ɗauke da 6 da 3, a bayanta 4 da 5. Ku lura, kowane biyu in an haɗa tara suke bayarwa. Word yana yin wannan jeri da kansa in ka shiga saitin Margins ka zaɓi Book fold, amma na fi son in naɗe fararen takardu in rubuta musu lamba da biro tukuna, in ga abin da idona.

Malamin Hausa da ya ji labarinmu dariya ya yi. Ya ce lokacin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, da haruffan ƙarfe ake ɗab'i, kuma ba a sakin shafi sai an buga gwaji an karanta an gyara. Ya ce mu ma mu riƙa yin haka. Yanzu dokar kulob ce: kwafi ɗaya ake fara bugawa, a fita da shi waje, wanda ba shi ya rubuta ba ya karanta da ƙarfi, ko da janareto yana ci, ko da layi ya kai bakin titi. Mai rubutu ba ya ganin kuskurensa, domin abin da ke ransa yake karantawa. A wannan fitowa da kuke gani, gwajin ya kama mana kuskure huɗu, ɗaya a cikin sunan wata malama.

Masu kawo rubutu don fitowa ta gaba, ku kawo shi a takarda da rubutu mai kyau, ku fito da ƙugiyar kowane harafi sosai don kada in yi ta canka. Wanda ya buga nasa a waya ko a kwamfuta, kada ya yi masa ado ko ya sa launi, mu za mu tsara. Ranar Laraba bayan an tashi muna ɗakin kwamfuta. Duk mai son a nuna masa Alt da X ya zo, amma filas ɗinsa sai Malam ya duba shi kafin ya shiga kwamfutarmu.